Ciwon Baya Da Noman Fartanya

A Ketare, da zarar ruwa ya zauna aka shiga noman fari, ba ka rasa jin manomi yana cewa, "Wayyo kwankwasona!" Yawancinmu mun ɗauka tsufa ne ko sanyi. Amma na ga samari 'yan shekara ashirin da biyar suna tafiya a duƙe kamar kakanninsu. Wanda kuwa ya kwanta mako biyu a watan Yuli, ciyawa ta riga ta cinye masa masara.

Ga yadda abin yake. Ƙasusuwa biyar ne a gindin gadon baya, su ke ɗauke da nauyin jiki. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi mai laushi, kamar gammo. Sa'ad da mutum ya wuni a sunkuye, faifan nan yana matsuwa ta gefe guda, naman baya kuma ya gaji, ya sage. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon baya. A jihar Kalifoniya ta Amurka har doka aka yi a 1975, aka hana sa leburori noma da fartanya mai gajeriyar ƙota. A ƙasar yashi wajen Maraɗi suna da abin noma mai doguwar ƙota wanda ake turawa a tsaye. Mu kuwa daga Kankara zuwa Faskari da Sabuwa ƙasarmu mai nauyi ce, kunya muke yi, ba za mu rabu da fartanya da garma ba. Sai dai mu koya wa jiki dabara.

Ta fari ita ce mafi sauƙi, ita kuma aka fi raina wa. Duk lokacin da ka kai ƙarshen kunya, miƙe tsaye, dafa kwankwaso da hannu biyu, ka lanƙwasa baya a hankali kamar mai duban tsuntsu a sama, sau biyar. A wurin gayya za a yi maka dariya, a ce ragwanci ne. Bari su yi.

Da yamma kuma, kwanta rigingine a kan tabarma, jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ƙirga goma, ka sake da ɗayar. Sa'an nan ka kafa tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ɗuwawu sama, ka sauke a hankali, sau goma. Wannan yana ƙarfafa naman ɗuwawu da na baya. Ba a ganin amfaninsa a kwana uku, sai an yi makonni ana yi.

Buhun taki kilo 50 ne. Kada ka sunkuya ka fizge shi. Tsuguna, jawo shi jikinka, ka tashi da ƙarfin ƙafafu, kada ka murɗa jiki. Babban buhun hatsi kuwa aikin mutum biyu ne. Iyayenmu mata, ku ma da ku nake: ku ɗora kwanon wanki a kan turmi, ku riƙa miƙewa tsakanin daka da shara.

In ciwon ya zo, kada a dawwama a kwance, gama tafiya a hankali ta fi taimako. Amma idan ƙafa ta mutu ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko akwai zazzaɓi da rama da ƙusumbi mai tasowa, a bar motsa jikin nan. A kai mutum asibitin Kankara ko na Funtuwa ran nan, su ne za su tura shi asibitin ƙashi na Dala a Kano in da bukata.