Komai Ƙanƙantar Allura: Abubuwa Goma Na Mamaki Game Da Bindigar Gasar Harbi

A filayen koyon saiti na Turai da Amurka da Asiya, bindigar hannun da aka fi ɗauka ita ce mai cin ɗan mitsitsin harsashin nan da ake kira .22. Kaurinsa milimita 5.6 ne, bai ko kai fensir ba, nauyin dalmarsa kuma yawanci bai wuce giram 2.6 ba. Ba ya da ƙara sosai, ba ya fizgar hannu, ga araha. Da shi ɗan koyo yake farawa, da shi kuma zakara yake cin zinare.

1. Wutarsa a gefe take. Yawancin harsasai a tsakiyar gindinsu ake bugu kafin su tashi. Shi wannan, sinadarin da ke kunna albarushin a cikin leɓen kwanson aka zagaya da shi, tsinken bindiga ya daki gefe. Idan aka yi rashin sa'a ya daki inda sinadarin bai kai ba, harsashin ya ƙi tashi ko da bindigar lafiyarta ƙalau.

2. A falo aka fara. Wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Flobert, shi ya ƙirƙiro irin wannan harsashi a 1845. Nasa ko albarushi babu, sinadarin kunnawa kaɗai ke tura dalmar. Masu hali na Turai a cikin ɗakunansu suke gasar saiti da shi.

3. Tsoho mai ran ƙarfe. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da gajeren .22 a 1857 tare da libarbarsa ta farko. Dogon da ake gasa da shi yau, wato .22 LR, kamfanin Stevens ne ya kawo shi a 1887. Shekara fiye da 130 ke nan, har yanzu bai sauka daga kasuwa ba.

4. Dala 37 da rabi. Farashin bindigar Ruger Standard ke nan ranar da ta fito a 1949. William Ruger ya ɗauko fasalinta daga bindigar Nambu ta sojojin Japan, ya sauƙaƙa ƙirar har mai ƙaramin ƙarfi ya iya saya. Jikokinta na cikin waɗanda masu koyarwa a Amurka suka fi nuna wa ɗan koyo, tare da Browning Buck Mark ta 1985 da Smith & Wesson Model 41 ta 1957, wadda ta fi su tsada.

5. Tsuntsun da ya shiga makoki. Alexander Sturm, abokin Ruger da ya zuba jari, shi ya zana jan tsuntsun da ke jikin mariƙin bindigar. Da ya rasu a 1951, Ruger ya mayar da tsuntsun baƙi don juyayin abokinsa.

6. Kwancewa sauƙi, mayarwa aiki. Shekaru da dama masu bindigar Ruger suna kukan abu ɗaya: idan ka kwance ta don wanki, haɗa ta sai ka yi gumi, wasu har da ƴar guduma ta roba. Sai a 2016 samfurin Mark IV ya zo da maɓalli guda da ke raba ta biyu. Abin yana da muhimmanci domin harsashin .22 mai datti ne, dalmarsa shafe take da kakin da ke taruwa a ciki. Bindigar da ke da wuyar wankewa ba a wanke ta, wadda ba a wankewa kuwa ita ke cijewa.

7. Kowace bindiga da abincinta. Biyu ƴan kamfani ɗaya, wannan ta karɓi wani harsashi lami lafiya, waccan ta riƙa tuntuɓe da shi. Shi ya sa gwanaye suke gwada iri-iri kafin su tsaya a kan ɗaya. Abin mamaki, mai saurin tsiya ba shi ya fi saiti ba. Ƴan gasa sun fi son wanda gudunsa bai kai na sauti ba, irin Tenex na kamfanin Eley da ke Ingila.

8. Harbi biyar a daƙiƙa huɗu. A gasar Olamfik ta saurin harbi ta maza, allo biyar ake jerawa a nisan mita 25. Da hannu ɗaya mai gasa zai harbi kowanne, da farko cikin daƙiƙa takwas, sannan shida, sannan huɗu. Doka ta ce bindigar kada ta wuce giram 1,400, kunamarta kuma ta iya ɗaukar nauyin kilo ɗaya ba ta tashi ba. A Paris a 2024 Li Yuehong na Sin ne ya ci zinare, a gasar mata ta mita 25 kuma Yang Ji-in ta Koriya ta Kudu.

9. Hannun da ya rage. Károly Takács sojan Hangari ne, gwanin harbi da hannun dama. A 1938 gurneti ya fashe masa a hannun dama, ya lalata shi. Bai zauna yana kuka ba, ya koya wa hagunsa aikin daga farko. Da hagun ya ci zinaren Olamfik a Landan a 1948, ya maimaita a Helsinki a 1952. Duk mai neman ɗora wa bindiga laifin kuskurensa, ya tuna da wannan bawan Allah.

10. Ƴan wasan da suka yi atisaye a ƙetare. Bayan kisan yara ƴan makaranta a Dunblane a 1996, Birtaniya ta hana mallakar bindigogin hannu, a 1997 hanin ya haɗa har da .22. Ƴan gasar ƙasar sun daɗe suna ƙetarawa ƙasashe irin su Suwizalan kafin su sami filin atisaye.

Zaɓin gwanaye ba shi da sarƙaƙiya: bindigar da ta zauna daidai a tafin hannu, kunamarta ba tauri, tana da sauƙin wanki, kuma ta daɗe a hannun jama'a ba a ji kukanta ba. Sauran aikin na hannu ne da haƙuri.

Amma komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce. Wannan ɗan harsashi yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, yana kuma kisa. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Mai sha'awar wannan wasa ya neme shi a filin da hukuma ta yarda da shi, ƙarƙashin idon malami, kuma kada ya taɓa nuna bakin bindiga ga mutum, ko da ya tabbata babu harsashi a ciki.