An Warke Daga Korona, Amma Ƙarfi Bai Dawo Ba

'Yan'uwa, akwai waɗanda korona ta sake su, amma watanni suka shuɗe jikinsu bai koma daidai ba. Wani tafiya daga gida zuwa masallaci takan bar shi yana haki. Ɗalibi ya karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba. Sai a ce ragwanci ne, ko sammu, alhali larura ce da likitoci suka sani.

A watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan larura da cewa alamomi ne da ake fama da su wata 3 bayan kamuwa, su ɗauki aƙalla wata 2, kuma ba a gano wata cutar da ta jawo su ba. Waɗanda suka fi yawa su ne gajiya mai nauyi, ƙarancin numfashi, da mantuwa ko ɗaurewar tunani. Akwai kuma bugawar zuciya da sauri, rashin barci, ciwon gaɓoɓi, da daina jin ƙamshi. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan mutum 6 cikin 100 da suka kamu da korona sukan shiga wannan hali, har da waɗanda ba su kwanta asibiti ba. Masu bincike na danganta shi da garkuwar jiki da ta ci gaba da faɗa bayan cutar ta wuce, da lahani a ƙananan jijiyoyin jini.

Ba korona kaɗai ke barin irin wannan tabo ba. Da yawa cikin waɗanda suka tsira daga Ebola a Gine, Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016 sun daɗe da ciwon gaɓoɓi da na ido. Zazzaɓin Lassa yakan bar wasu da kurumta. Cikungunya, wadda ta ɓarke a Abeshe ta ƙasar Chadi a 2020, takan bar ciwon gaɓoɓi na watanni.

Matakin farko shi ne zuwa asibiti, domin zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, tarin fuka da ciwon suga duk suna kawo kasala, kuma suna da magani. Ciwon ƙirji, suma, tarin jini ko numfashi mai tsananta ba a jinkirta musu ko kwana ɗaya.

Na biyu shi ne auna ƙarfi. Wasu marasa lafiyar idan suka matsa wa jikinsu yau, ciwon kan taso bayan awa 12 zuwa 48, ya kwantar da su kwanaki. Don haka a huta tun kafin a gaji. A rarraba aiki kashi-kashi, a yi abin da za a iya a zaune, a guji ranar tsaka. Ranar da aka ji sauƙi kada a ce za a rama aikin mako guda. Rubuta abin da aka yi kullum da yadda jiki ya kwana yana nuna wa mutum iyakarsa.

Shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya: wanda tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, wanda azumi zai ƙara wa ciwo ya tuntuɓi likita da malami. Iyali su gaskata shi ko da fuskarsa ba ta nuna ciwo. Malaman makaranta su rage wa ɗalibi nauyi, jama'ar masallaci su tallafa wa magidancin da sana'arsa ta tsaya. Masu dubiya kuma su taƙaita zama, domin doguwar hira ma tana gajiyar da shi.

Mutane da yawa suna samun sauƙi a hankali, wasu cikin watanni, wasu bayan shekara ko fiye. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Amin.