Kyamarar Cikin Ruwa Da Gulbin Da Ba A Ganin Ƙasansa

A 'yan shekarun nan wata 'yar kyamara ta roba ta sake samun kasuwa a hannun matasan Turai da Amurka da Japan, musamman masu zuwa hutu bakin teku. Ba ta da allo, ba a yi mata caji. Fim ake sa mata, irin mai faɗin milimita 35 da iyayenmu suka sani, sannan a rufe ta cikin wani akwatin roba garai-garai mai zoben danko a bakinsa, a nutsa da ita a ɗauki hoton kifi da na abokin iyo. Idan fim ya ƙare a cire a sa wani. Masu tallarta da araha suke yabonta, kuma da yake duk abin da ya yi tashe a can yakan iso kasuwanninmu ko ba jima ko ba daɗe, na ga ya kamata mu tambayi kanmu tun yanzu: mene ne amfaninta ga mutumin Kabi?

Ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa tsohuwar sana'a ce. Wani masanin halittun ruwa Bafaranshe, Louis Boutan, ya yi ta a 1893 da na'urar da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa cikin sauƙi. A 1963 kamfanin Nikon ya fito da Nikonos, wadda aka gina bisa kyamarar Calypso da Jacques Cousteau ya sa aka ƙera, amma wannan ta ƙwararru ce da masu hali. Talaka bai shiga ciki ba sai bayan 1986, lokacin da Fujifilm ya fara sayar da kyamarar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, daga baya aka yi mata rigar ruwa. Wadda ake yayi yanzu jikanyarta ce, bambancin kawai ita ba a yar da ita.

Arahar tata daga rashin kayan ciki take. Gilashin idonta na roba ne kuma ba ya motsi, don haka duk abin da ya matso kusa ƙwarai sai ya fito dishi-dishi. Saurin ƙiftawarta ɗaya ne tak, ko rana ta take ko hadari ya rufe. Ga shi kuma ruwa yana cin haske, jan launi ne yake fara tafiya, kafin a kai mita biyar ya kusa ɓacewa, shi ya sa hotunan teku suke fitowa shuɗi-shuɗi. Wannan fa a ruwan da ya kwanta garau ke nan. Idan akwai laka a ciki, to kunna fitilar kyamara ma ƙara dagula lamarin yake yi, kamar direban da ya kunna babbar fitila cikin hazon hunturu, ƙurar da ke gabansa kawai zai haska.

To, irin wannan ruwan ne namu. A garinmu Dirin Daji, cikin ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru, rafukan da yara suke iyo a ciki da damina jajawur suke da laka, wanda ya nutsa ko tafin hannunsa ba ya gani. Da rani kuwa yawancinsu sai yashi. Gulbin Matan Fada na Argungu, ranar da dubban masunta suka auka masa lokaci guda da homa da gora, kafin a yi minti biyar ya koma kamar kunu. Wanda ya sayi wannan kyamara don ya ɗauko giwan ruwa a ƙarƙashin Matan Fada ya yi asarar fim ɗinsa.

Amma akwai wani hoton da ban taɓa ganin an ɗauka yadda ya kamata ba, kuma a saman ruwa yake. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, kusan duk hotunansa daga gaɓa ake ɗaukarsu, daga wajen rumfar manyan baƙi. Masunci a cikinsu ɗigo ne cikin dubu, ba ya samun fuska sai in ya ciyo gasa an tsayar da shi kusa da sikeli. Yadda yake rungumar gora da ƙirji yana iyo, yadda ake laluben kifi da hannu a wasannin Kabanci, yadda matuƙin kwalekwale yake duban ruwa ya san inda zurfi yake, duk wannan sai wanda yake cikin ruwan ne zai iya ɗauka. Shi kuwa ba zai shiga gulbi da wayar da ya sayar da buhunan masara kafin ya saya ba. Kyamarar da ba ta tsoron jiƙewa, ba ta tsoron ƙura, ba ta jiran wutar lantarki, wadda in ta faɗi ta ɓata ba za a yi zaman makoki ba, a nan take da wurin zama. Haka ma a Rigatar Yawuri, haka ma a gona ranar da samarin Golmo suke noma ruwan sama yana dukansu.

Sai dai kafin wani ya ruga kasuwa, ya kamata ya yi lissafi. Kyamarar ce mai araha, abincinta tsada gare shi. Fim daga waje ake shigo da shi, da dala, kuma nadi ɗaya hoto 24 ne ko 36. Zafi yana lalata shi, mu kuwa a watan Afrilu ɗakin kwano tanda ne. Bayan an ɗauka sai an wanke, kuma wuraren wanke fim da a da suke kowane babban gari sun rufe ko sun koma buga hoton waya. Kamfanin Kodak kansa, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, sai da ya bayyana karayar arziki a 2012. Idan hoto kawai mutum yake so ya tura wa abokai, jakar leda mai hana ruwa shiga waya ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ni ma ita zan ba shi shawara.

Abin da ya sa ban yar da maganar a nan ba shi ne abin da fim yake barin mutum da shi. Muna yara, mai hoto yakan zo gari da Sallah da kyamararsa a wuya, a yi wanka a sa sabbin kaya a tsaya ƙiƙam, ya tafi da fim Zuru ko Kontagora, a yi mako biyu ana jira. Hoton da ya dawo da shi yana nan har yau a cikin akwatunan iyayenmu mata, ƙarƙashin zannuwa, ya yi ja amma ana gane kowa. Yanzu ɗalibina ɗaya yana da hoto dubu uku a waya, amma na sha tambayarsu a aji wa yake da hoton da ya ɗauka shekara biyar da suka wuce, hannuwan da suke tashi ba su da yawa. Waya ta faɗa rijiya, an sace ta a tasha, memori ya ƙi buɗewa, an manta lambar sirri. A yankinmu kuma akwai abin da ya fi wannan ciwo. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Sakaba da Danko-Wasagu, mutane sun fito da abin da hannu ya iya ɗauka. Akwai yaran da suke tasowa a Zuru da Dirin Daji waɗanda in ba a hoto ba ba za su san yadda gidan kakansu yake ba.

Ƙasar Kabi ta taɓa ganin irin wannan. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tsohon garin Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa na Gungawa da maƙwabtansu a ƙasar Yawuri sun koma ƙarƙashin tafki, aka sake wa dubban mutane matsuguni. Ga abin da ya cancanci kyamarar cikin ruwa, amma ko Nikonos ba za ta dawo da katangar laka da ta narke ba. Lokacin ɗaukar hoton shi ne kafin ruwa ya zo.

Saboda haka ga inda nake ganin za a ci moriyar wannan 'yar roba. Mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin fim da wanki ba, amma hukuma za ta iya. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, ko Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, ko wata ƙungiyar ci gaban gari, za su iya sayen guda ashirin su raba wa masunta da matuƙa da manoma da mata masu dakon ruwa, kowa da nadi ɗaya, a ce ya ɗauki aikinsa da mutanensa. Hoto 36 kacal yana sa mutum ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna. A koya musu neman izini, domin bakin rafi wurin wanka ne da wanki, kuma matar wani ba abin kallo ba ce. A tattara fim ɗin a aika wanki gaba ɗaya, a buga kowane hoto biyu, ɗaya ga mai shi ɗaya ga ma'ajiya, a kwafe shi a kwamfuta, a adana asalin fim ɗin a wuri mai sanyi da bushewa. A bayan kowane hoto kuma a rubuta da fensir sunan wanda ke ciki, da garinsu, da rafin, da shekarar.