Kwal ɗin Lafiya da Obi: Wa Zai Biya Kuɗin Cike Ramin?

LAFIYA — Duk lokacin da aka tayar da zancen farfaɗo da kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, sai an ambaci kwal ɗin da ke kwance tsakanin Lafiya da Obi da Jangwa a Jihar Nasarawa. Ba a banza ba. Kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a 1909, yana ci da wuta sosai, amma ba ya gasuwa ya dunƙule ya zama irin gawayin da ake narka tama da shi. Na Lafiya kuwa yana da wannan siffa, kuma ita ce darajarsa.

Hukumar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa ce ta yi binciken wannan yanki a shekarun 1970, tare da ƙwararru daga Tarayyar Sobiyat. An ƙiyasta kwal ɗin da aka tabbatar da shi a kan tan miliyan 20 da ɗoriya. Sai dai binciken ya nuna aibu uku: toka ta yi masa yawa, farar wuta ta yi masa yawa, sannan shimfiɗunsa sirara ne, kuma sun kakkarye a ƙarƙashin ƙasa. Mai son zuba jari ya riƙe waɗannan ukun da kyau, domin daga cikinsu ne ribar za ta fito, daga cikinsu ne kuma ɓarnar za ta fito.

Hanya mafi arha ta fitar da kwal ita ce a yaye ƙasar da ke bisansa, a haƙa buɗaɗɗen rami, kamar yadda aka yi a Okaba ta Jihar Kogi tun lokacin yaƙin basasa. A wuraren da kwal ya kusanto sama, irin gaɓar rafin Shankodi kusa da Jangwa, wannan hanya ce za ta fara zuwa zuciyar ɗan kasuwa. Amma idan shimfiɗar siririya ce, ana kwashe ƙasa da duwatsu masu ɗimbin yawa kafin a samu tan guda, kuma dole a jibge su a wani wuri. Wannan wurin kuwa gonar wani ce.

Doka ba ta bar abin kara zube ba. Bayan zubar da dattin guba da aka yi a Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, sannan ta fitar da doka mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta nazarin illar aiki ga muhalli kafin a fara shi. Haƙar ma'adinai a sabon filin da ya wuce hekta 250 tana cikin ayyukan da ba makawa sai an yi musu cikakken nazari. Tun 1999 wannan aiki ya koma hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ƙara sharaɗin yarjejeniya da mutanen gari da tanadin kuɗin gyara ƙasa.

Babin da ya fi cancantar a karanta da natsuwa a irin wannan rahoto shi ne na ruwa. Farar wutar da ke cikin kwal ba ta cutar kowa muddin tana binne. Da zarar an tono ta, iska da ruwan sama suka same ta, sai ta riƙa tsatso ruwa mai tsami wanda ke narkar da ƙarfe da sauran sinadarai daga duwatsu, ya kwarara cikin rafi ya mai da shi ja. Haka ta faru ga rafukan da ke kusa da tsofaffin ma'adinan Inugu, kuma ba ta tsaya ba don an daina haƙa. Irin wannan ruwa yakan ci gaba da fita shekaru da dama bayan kamfani ya kwashe injinansa. Bugu da ƙari, wanke kwal mai toka yana cin ruwa mai yawa, kuma tilas a riƙa zuƙe ruwan da ke taruwa cikin ramin, abin da kan janye ruwan rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye. Rafukan wannan yanki kuwa Kogin Binuwai suke nufa. Saboda haka rahoton da bai auna zurfin rijiyoyi da ingancin ruwan rafi ba, da damina da kuma rani, tun kafin katafila ta taɓa ƙasa, bai cika rahoto ba. In babu wannan awo na farko, ranar da rijiya ta ƙafe babu hujjar da manomi zai kai kotu, babu kuma wadda kamfani zai wanke kansa da ita.

Sai batun gona. Ƙasar Obi da Lafiya ƙasar doya ce da rogo da shinkafa da riɗi da agushi, kuma manyan motocin da ke lodi a kasuwannin yankin shaida ne. Diyyar da aka saba biya tun bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta fi karkata ga amfanin gonar da ke tsaye da gine-gine. To amma gona tana ciyar da gida kowace shekara, kwal kuwa sau ɗaya ake ɗibarsa. A ganin wannan marubuci, lissafin da ya ɗora diyyar damina ɗaya a kan asarar damina talatin bai kai a kira shi lissafi ba.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A Maiganga ta Jihar Gombe, inda kamfanin siminti na Ashaka ya buɗe ramin kwal, an tashi mutane daga matsugunansu, kuma sun sha kokawa a kan ruwan sha da ƙura da gonaki. Mutanen Nasarawa ma, waɗanda suke cikin Jihar Filato har zuwa 1996, sun san kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a kewayen Jos, ba a cike ba har yau.

Kasuwar kuɗi ma ta canza. A 2021 ƙasar Sin ta ce ta daina gina tashoshin lantarki na kwal a ƙasashen waje, Nijeriya kuma ta yi alkawari a taron Glasgow cewa za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Bankunan waje da dama sun janye daga ba da rancen haƙar kwal. Babbar tanderun Ajaokuta, wadda dominta aka yi binciken tun farko, ba ta taɓa narka tama ba. Kamfanin da ke da rance mai tsada da mai saye maras tabbas shi ne ya fi saurin tsere wa ramin da ya haƙa. Don haka ya kamata kuɗin cike rami da mayar da ƙasar noma su kasance a ajiye a hannun hukuma tun ranar farko.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: kamfanin da ke neman izini shi ne ke ɗaukar masu nazarin, shi ne ke biyansu. Kariyar da jama'a suke da ita ita ce kwanakin aiki 21 da ake baje rahoton domin kowa ya duba ya faɗi ra'ayinsa. Rahoton yakan zo da Turanci, shafuka ɗaruruwa, a ajiye a sakatariya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na dillalan doya da shinkafa na Lafiya suna da ƙarfin ɗaukar masanin da zai karanta musu shi, a kuma fassara wa masu gonakin da Hausa da Alago da Migili da Tibi kafin wa'adin ya cika.