Batirin Ajiyar Wuta da Kare Kwamfuta a Tudun Wadan Zariya

Tudun Wada, unguwar da ke tsakanin birnin Zazzau da Sabon Gari, tana daga cikin wuraren da sana'ar kwamfuta ta yi ƙarfi a Zariya, domin kusancinta da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ya sa shagunan buga takardu da fotokwafi suka yawaita a cikinta. Wutar da ke riƙe da waɗannan shaguna da gidajen da ke kewaye da su tana zuwa ne daga kamfanin Kaduna Electric, wanda ke rabon lantarki a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ko da yake har gobe jama'a Nepa suke cewa, sunan hukumar da aka kafa a 1972.

Ɗauke wuta ba zato yana jawo asarar aikin da ba a adana ba, wani lokaci kuma yana lalata ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta idan ya riske ta tana cikin rubutu, amma ɓarnar da ta fi tsada takan zo ne a lokacin da aka kawo wutar. Ka'idar lantarkin gida a Nijeriya bolt 230 ce, wato ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, to amma idan taransifoma ta ɗauki gidajen da suka fi ƙarfinta sai wutar ta zo a raunane, idan kuma aka dawo da ita farat ɗaya, ko aradu ta faɗa wa layi da damina, tana iya zuwa da ƙarfin da zai ƙone allon na'ura.

Na'urar da aka ƙera domin wannan matsala ita ce UPS, akwati ne da ake sawa tsakanin soket da kwamfuta, wanda ke cajin batirinsa muddin akwai wuta, da zarar an ɗauke kuma ya karɓi aikin cikin wani ɗan yanki na daƙiƙa, kafin kwamfutar ta mutu. Ƙaramin da aka fi samu a kasuwa, mai lamba 650, yawanci yana ɗauke da batir guda mai bolt 12, kuma abin da zai iya bai wa kwamfutar tebur bai wuce 'yan mintoci ba. Waɗannan mintoci su ne dukan amfaninsa, domin a cikinsu ne mai shago zai adana kundin ɗalibin da yake bugawa, ya kashe na'ura yadda ya kamata ko ya tayar da janareto. Abin takaici shi ne yadda da yawa ke mayar da shi madadin wutar gari, su bar shi yana kuka har batirin ya ƙare tas, ko su jona masa injin fotokwafi, wanda ke zuƙar wuta mai yawa wajen zafafa abin da ke manna tawada a takarda.

Batirin dalma, wanda shi ne a cikin mafi yawan waɗannan na'urori, ba ya jure zuƙewa har ƙasa, kuma ba ya jure zafi. Masu ƙera shi suna lissafa tsawon ransa ne a kan yanayi mai digiri 25, kuma duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana rage wannan rai da kusan rabi, alhali a Maris da Afrilu zafin Zariya yana kusantar digiri 40, ballantana a shagon kwano marar taga. Saboda haka ɗaga na'urar daga ƙasa, da ba ta wurin da iska ke ratsawa, da share ƙurar hunturu daga ƙofofin iskarta, sun fi sayen sabon batir kowace shekara sauƙi.

Wanda ke buƙatar sa'o'i sai ya koma ga inbata, na'urar da ke juya wutar manyan batura zuwa irin ta gida, a haɗa ta da sola idan da hali, musamman tun da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa janareto ya fi ƙarfin ƙananan shaguna. Darasin Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, shi ne cewa batirin da ke jiran wutar gari ta caje shi yana mutuwa tare da ita. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ya fi jure yawan caji da zuƙewa, kuma ba ya buƙatar ƙarin ruwan batir kamar dogayen batiran dalma, waɗanda ke fitar da iska mai kama wuta yayin caji, abin da ya sa bai dace a ajiye su a ɗakin da yara ke kwana ba.