Idan zuciyar kwamfuta ta tsaya, ta yaya allon madannai ke ci gaba da magana?

Ranar 19 ga watan Yulin 2024, wata sabuntawa da kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike ya tura ta durƙusar da kwamfutoci masu aiki da Windows a sassan duniya. Jirage sun kasa tashi, bankuna da asibitoci sun shiga ruɗani. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. A wurare da dama, sai da ma'aikaci ya zauna gaban kowace na'ura, ya goge fayil ɗin da ya jawo matsalar da hannunsa.

Ɓarnar ta yi girma ne saboda kuskuren ya faru a cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ita ke raba ma'adana da lokacin aiki, ita ke magana da kowane sashe na na'ura. Wayoyin Android da ke hannun matasa a Maraɗi da Damagaram ma a kan kanel ɗin Linux suke tafiya.

Masu gyaran kanel suna da wata manhaja ta farautar kuskure, wadda ke tsayar da komi cak don a duba abin da ya lalace. A nan ne gizo ke saƙa: manhajar da ke karɓar saƙon allon madannai ita ma cikin kanel take. Idan an tsayar da komi, da me injiniya zai rubuta umarni?

Daga ƙararrawa zuwa leƙe

A lokacin da komi ke lafiya, danna maɓalli kamar buga ƙararrawa ne. Wani ɗan guntun lantarki yana sanar da ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta ajiye abin da take yi, ta karɓi saƙon. Asalinsa shi ne Intel 8042 da kamfanin IBM ya saka a kwamfutarsa ta PC/AT a 1984, kuma a kansa aka gina mahaɗin PS/2 na 1987.

Idan mafarauciyar kuskure ta Linux mai suna kdb ta karɓi ragama, ana kashe ƙararrawar. Sai ta koma leƙe da kanta, babu ƙaƙƙautawa. Tana duba ƙofa mai lamba 0x64 ta ga ko akwai saƙo, in akwai ta ɗauko shi daga ƙofa mai lamba 0x60. Da yake linzamin kwamfuta ma ta wannan hanya yake turo nasa saƙon, dole ta tantance, ta yar da nasa.

Abin da ke isowa ba harafi ba ne, lambar mazaunin maɓalli ce. A tsarin da aka gada daga IBM, maɓallin farko na layin tsakiya yana turo 30 idan an danna, ya turo 158 idan an saki. Mafarauciyar ce za ta riƙa tuna ko an riƙe Shift ko Ctrl, sannan ta duba jadawali ta fassara lambar zuwa harafi.

Wannan ya shafi masu aiki a Nijar kai tsaye, inda allon Faransanci na AZERTY ya yawaita. Maɓallin da ke turo 16 shi ne A a allon Faransanci, amma Q ne a allon Amurka. Jadawalin da kanel ɗin Linux ke zuwa da shi na Amurka ne, don haka idan ba a loda na Faransanci ba, mutum zai danna A ya ga Q.

Sabon allo, sabuwar matsala

Allon USB, wanda ya fi yawa a kasuwa yau, ba ya shiga wannan dabara. Saƙonsa yana bi ta matakai da yawa na manhaja, kuma dukkansu suna tsaye tare da kanel. Shi ya sa kdb ke aiki da allon PS/2 kawai. Abin farin ciki, kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa har yanzu suna haɗa allonsu na jiki ta hanyar da ke kwaikwayon tsohon 8042.

Wanda ba shi da irin wannan allo yakan koma ga kwamfuta ta biyu, ya haɗa su da wayar siriyal, sau da yawa a gudun 115200, ya riƙa rubuta umarni daga can. Haka ma masu amfani da WinDbg na Microsoft suka saba yi: na'ura ɗaya majinyaciya, ɗaya likita.

Fita ma tana da tarkonta. Ana shiga kdb ne ta riƙe Alt da SysRq a danna g, kuma mutum yana sakin maɓallan ne bayan kanel ta tsaya, ba ta ga sakin ba. Idan aka sake ta a haka, za ta ɗauka har yanzu ana riƙe da Alt. Don haka aka ƙara matakin da ke sanar da ita an saki dukkan maɓallai, da wani da ke haɗiye ragowar saƙon Enter na umarnin ƙarshe.

Kayan aikin da aka daɗe ana jayayya a kansa

Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya fito fili a shekarar 2000 ya ce ba ya son irin wannan manhaja a kanel, domin a ganinsa tana sa mutane su yi maganin alamar ciwo su bar tushensa. Sai a 2008 kgdb ta shiga Linux 2.6.26, sannan kdb, wadda ta samo asali daga kamfanin SGI, ta biyo a 2010 cikin 2.6.35, da ƙoƙarin injiniya Jason Wessel na kamfanin Wind River.

Ga matashin da ke son koyon wannan fanni a Yamai ko Tawa, ko wanda ke karatu a waje, ƙofar a buɗe take. Lambobin Linux kyauta ne ga kowa, kuma fayil ɗin da ke karanta allon, kdb_keyboard.c, gajere ne da za a iya karantawa a zama ɗaya. Tsohuwar kwamfutar hannu-biyu mai mahaɗin PS/2, wadda mutane ke rainawa, ita ce ta fi dacewa da gwajin farko.