Hutun Ƙarshen Shekara a Zirin Cape: Lissafin da Ya Kamata a Yi Tun Daga Maitama

Da zarar watan Oktoba ya kama, ofisoshin wakilan tafiye-tafiye na unguwar Maitama a Abuja sukan fara karɓar 'yan kasuwa masu shirin kai iyalansu hutun ƙarshen shekara. Ɗaya daga cikin wuraren da ake nema shi ne zirin Cape da ke Afirka ta Kudu, wato ƙasar da ta kutsa cikin teku tsawon kimanin kilomita 50 daga birnin Cape Town zuwa kudu. Sai dai tafiyar tana iya zama asara ga wanda bai yi lissafinta da wuri ba.

Abu na farko shi ne lokaci. Yayin da hunturu ke kaɗawa a arewacin Nijeriya, daga Disamba zuwa Fabrairu, su a can suna tsakiyar bazara. Makarantu sukan yi hutu, 'yan ƙasa da baƙin Turai sukan cika otal-otal, don haka kuɗin masauki da na jirgi yakan kai ƙololuwa daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu. Wanda ya jinkirta zuwa Maris ko Afrilu zai sami rana mai daɗi da farashi mai sauƙi. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa lokacin sanyi ne da ruwan sama.

Na biyu shi ne takardu. Ɗan Nijeriya yana bukatar biza da kuma katin allurar rigakafin shawara. A watan Disamba na 2024, a taron hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa a 1999, Shugaba Cyril Ramaphosa ya ba da sanarwar bizar shekara 5 ga 'yan kasuwar Nijeriya da suka cika sharuɗɗa. Duk da haka, hikima ita ce kada a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne canjin kuɗi. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ga kasuwa a watan Yuni na 2023, darajarta ta faɗi ƙwarai. Matafiyi yakan yi canji sau biyu, daga naira zuwa dala, daga dala zuwa rand, kuma a kowane mataki akwai ladan mai canji. Saboda haka, ya kamata a tsara kasafin da rand, a bar rara domin sauyin farashi. Bugu da ƙari, baƙo yana da damar karɓar harajin kaya na kashi 15 cikin 100 a filin jirgi, muddin ya adana rasiɗan kayan da zai fita da su.

Game da wuraren ziyara, gaɓar yamma, inda Camps Bay take, tana da kyawun gani, amma ruwanta na da tsananin sanyi. Masu yara sun fi zuwa Muizenberg a gaɓar gabas, inda ruwan ya fi ɗumi. Akwai kuma tsibirin Robben, inda marigayi Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare, kuma a kan lokacin cunkoso sai an yanki tikitin jirgin ruwa tun kafin a iso.

Yankin ya shahara da gonakin inabi da ake sarrafa giya da shi. An kafa gonar Groot Constantia a 1685, garin Stellenbosch kuma a 1679. Wanda ba ya shan giya ba zai rasa abin karuwa ba, domin gonakin darasi ne kan yadda manomi ke cin riba uku daga fili ɗaya: amfanin gona, sarrafa shi, da kuɗin baƙi masu zuwa kallo da cin abinci. Masu gonakin mangwaro da lemo a nan gida suna da abin koyo. Har ila yau, abincin halal ba ya wuya a birnin, musamman a unguwar Bo-Kaap, inda masallacin Auwal yake tun 1794.

Daga ƙarshe, batun tsaro ba abin wasa ba ne. Hare-haren ƙin baƙi na 2019 sun sa an kwaso ɗaruruwan 'yan Nijeriya gida. Inshorar lafiya, direban da otal ya amince da shi, da guje wa yawon dare, ƙananan kuɗi ne idan aka kwatanta da abin da suke karewa. Da ma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.